Kafin Makulli Ya Juya

Wanda Ya ba da aro Ya karɓi kayanSa, mu ma kuma can muka nufa. A ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya ɗauki ran 'yata a asibitin da ta saba kwanciya tun tana ƙarama, bayan ciwon sikila ya taso mata tasowar da bai sake ta ba. Shekarunta ashirin da huɗu. Mahaifiyarta tana riƙe da hannunta, ni kuwa ina tsaye a ƙarshen gado, inda likitoci suke tsayawa, domin a wannan sa'ar ban san wani wurin tsayuwa ba.

Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba. Uwata nake ce mata. Da shi zan kira ki a nan ma, Uwata, kuma da ke zan yi magana, ko da yake na san wasu ne za su karanta.

Akwai amsar da ake jira daga gare ni, kuma a cikin wannan ta'aziyya zan bayar da ita. Muna tsakiyar zaman makoki yayana, Baffanki, ya ja ni gefe zuwa inda baƙi suka ajiye motoci. Kin san shi, ba ya kewaye-kewaye. Ya ce, "An gaya mini yarinyar nan tana da waƙoƙi a intanet, har da kiɗa. Ka sa a goge su. Ita tana kwance, muryarta tana yawo a kunnuwan mutanen da ba mu sani ba, ba mu kuma san abin da hakan ke ja mata ba. Ka bar ta ta huta." Ba ƙiyayya ce ta sa shi faɗar haka ba. Jininsa ya sha shiga jikinki, kuma duk ranar da aka ce ana bukata, kafin in gama magana ya naɗe hannun riga. Tsoro yake ji miki, tsoron mai ƙauna.

Wadda ke iya shiga shafinki ita ce ƙawarki mai kaɗa jita, wadda kika laƙaba wa Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Ranar ne na fara ganinta shiru. Da na yi mata maganar, ta sunkuyar da kai ta ce, "Abba, hannuna ba zai iya ba. Amma idan ka ce a goge, zan nuna maka inda ake dannawa." Ni likitan kunne ne, kuma ban taɓa yanke hukunci a kan kunnen da ban leƙa ba. Na roƙi Baffanki ya ba ni lokaci in saurara tukuna. Ya ce, "Saurara. Ai sana'arka ce."

Da ƙaramar murya kika zo duniya. Ko kukanki na jarirai sai an kasa kunne. Yayin da sa'o'inki ke guje-guje a ƙasan bene, ke kina kwance an tallafe miki ƙafafu da matashi, babu abin da ya rage miki sai sauraro, kuma kin ƙware a kansa ƙwarewar da ta fi tawa. Daga taku kike gane wanda ke hawa matakala. Daga ƙarar murfin tukunya kike sanin ran mahaifiyarki a ɓace yake. Kina yi mini tsiya cewa ni ne likitan kunnen da sai an maimaita masa magana, in ce miki shekaru ne, ki ce, "To a kai ka wajen likita mana, Abba."

A gidanmu, daf da ƙofar shigowa, akwai ƙaramin sito marar taga, inda muke jibge tsofaffin akwatuna, da katifar baƙi a naɗe, da kwalayen mujalluna. Kina gama sakandare kika mamaye shi. Kika shigar da kujera guda, da wata rikoda mai cin kaset da kika tsinto wajen masu kayan gwanjo, da ƙaramin fiyano na yara mai aiki da batir. Na san kina waƙa a ciki. Na ɗauke ta a matsayin abin ɗebe kewa, na kuma gode wa Allah da kika sami abin da zai zaunar da ke wuri ɗaya ba tare da ya gajiyar da ke ba.

Sau ɗaya kika kunna mini. Na saurara da kunnen aiki, na ce miki akwai wani shuuu a ƙarƙashin muryar, akwai ƙugin firji, kuma kin matso kusa da makirfo har ana jin numfashinki. Na je na sayo miki makirfo mai tsada, irin na gidajen rediyo. Kika rusuna kika yi godiya. Ba a jima ba na leƙa siton na tarar kin rataye ɗankwali a kansa. Kika yi dariya kika ce, "Abba, kada ka ji haushi, wannan ya cika tsafta. Idan na yi waƙa da shi sai in ji kamar a asibiti nake." Kika bayyana mini cewa irin waƙar nan sunanta lofai, wasu kuma su ce indi, domin babu kamfani a bayanta. Mutum ne shi kaɗai a ɗakinsa da abin da ya samu, kuma ba a share hayaniyar ɗakin, da ita ake son waƙar. Na gyaɗa kai kamar yadda nake gyaɗa wa ɗalibin da ya kawo ra'ayin da ban gamsu da shi ba.

Ba zan wuce ba sai na ambaci halinki, domin shi ne abin da ya bi ki. Ma'aikatan jinya har yau suna ba da labarin wata tsohuwa da aka kwantar kusa da ke, wadda ƙarar na'urar da ke gefen gadonta ta firgita, ta ƙi ci, ta ƙi rufe ido. Ke da ake ƙara wa ruwa a hannu guda, kika roƙi a matso da gadajen. Kika sa mata abin sauraro ɗaya a kunne, kika bar ɗaya a naki, kuka yini waya guda ta haɗa ku har barci ya ɗauke ta. Ba ki motsa ba, gudun kada wayar ta fizge, alhali bayanki yana yi miki abin da ke kaɗai kika sani. Haka kuma telan da ke ƙasan benenmu. Kin sauka da kanki kika nemi izininsa kafin ki naɗi ƙarar kekensa ki mayar da ita kiɗa, kika kuma rubuta sana'arsa a jikin waƙar. Da ya zo gaisuwa, idanunsa jajir, ya ce mini, "Likita, kekena ya riga ni fita ƙasashen waje, kuma ita ta kai shi."

Da aka watse daga makoki na koma aiki, ban saurari komai ba tukuna. Kullum ina ce wa kaina gobe. Sai wata rana aka shigo mini da wani direban babbar mota, magidanci, wanda ƙarar inji ta bar masa ƙugi a kunne, ƙugin da ba ya yankewa. Na ce ya cire abin da ke kunnensa in duba. Ya cire ya ajiye a kan teburina, bai kashe ba.

Uwata, daga cikin ɗan abin nan da bai kai ƙwayar wake ba, a tsakanin tocila da audugar aiki, na ji muryarki. Siririya, can nesa, kamar wadda ke magana daga ƙasan rijiya. Ba ki yi kama da wadda aka naɗa ba. Kin yi kama da wadda ke wani ɗaki a cikin ginin, ba ta san ana jin ta ba.

Na tambaye shi ko mene ne wannan. Ya ce, "Wata baiwar Allah ce, 'Yar Sito take kiran kanta. Ni ban iya jin waƙa mai ƙarfi yanzu, Likita. Amma wannan, shuuu ɗin da ke ciki yana rufe mini ƙugin, sai in samu in runtsa." Ya faɗi gaskiya, mu ma da irin wannan sautin muke rage wa masu lalurarsa wahala, sai dai namu na'ura ke yin sa. Sa'an nan ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta washe, ya ce, "Tsaya ka ji. Yanzu babanta zai dawo."

Muka kasa kunne mu biyu. Sai ga ƙarar makulli a cikin ƙofa, ya ɗan cije kafin ya juya, kamar yadda makullin gidana yake cijewa. Kujera ta ja da baya. Waƙar ta yanke.

Ya ce, "Duk waƙoƙinta haka suke ƙarewa. Mu dai ba mu san shi ba, Mai Makulli muke ce masa."

Na duba kunnensa na dama, na duba na hagu, na rubuta masa abin da ya kamata. Na sallame shi. Ban gaya masa ko ni wane ne ba, ban kuma gaya masa cewa kin riga mu ba.

A wajen aikina akwai ɗakin gwajin ji. Ƙarami ne, bangonsa an lulluɓe da soso, ƙofarsa mai nauyi kamar ta firji. Idan aka rufe ta, mutum ba ya jin komai na duniya sai bugun jininsa. Can na riƙa shiga a lokacin hutun rana, in ja ƙofar, in ɗora abin sauraron da muke gwaji da shi, wanda ba ya ɓoye komai, in kunna waƙoƙinki ɗaya bayan ɗaya.

Da farko kunnena ya ci gaba da aikinsa na kama kuskure. Kaset ɗin yana jan ƙafa, sautin ya yi kamar zai faɗi sai ya miƙe. Fiyanon yana rage ƙarfi idan batir ya kusa ƙarewa. Jitar Rediyo tana ɗan makara. Amma a hankali na daina ƙirga waɗannan, domin na lura waƙar a kansu take tsaye. 'Yan sautuka kaɗan ne ke zagayawa, ba sa gaggawa, ba sa neman burge kowa. Kalmominki kuma a kan ƙananan abubuwa suke: shayin da ya huce a gefen gado, motar haya da ta wuce babu kowa a ciki, bencin da ake zama a jira sakamakon gwaji. Ba ki taɓa ambatar sunan ciwonki ba, amma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan benci zai gane. Wani lokaci kikan naɗi muryarki, ki sake rera wata a kanta, ta biyun tana biye da ta farko da ɗan jinkiri, har in ji kamar 'ya'ya mata biyu nake da su a cikin siton, ɗaya tana koya wa ɗaya.

Rediyo ta turo mini waɗanda kike sauraro. Wani mutum a wata ƙasa mai sanyi yana waƙa a kicin, buta tana tafasa a bayansa. Wata mata da ban fahimci harshenta ba tana rera wani abu a hankali don kada ta tashi jariri, kuma ana jin jaririn yana juyi. Ban san fuskokinsu ba, amma na san girman ɗakunansu, na san wanda tagarsa ke kallon titi. A nan na fahimci abin da kike nufi ranar ɗankwali. Waɗannan mutane ɗakunansu suke aika wa juna, waƙar kuwa ita ce ke riƙe ƙofa a buɗe. Na yi rayuwata ina cire hayaniya domin a ji sauti tsantsa, ban taɓa tambayar abin da ke tafiya tare da hayaniyar idan an cire ta ba.

Abin da ke cikin taki hayaniyar shi ne gidanmu. A cikin ɗakin nan da ba ya barin sauti ya shiga, gidana ya riƙa zuwa yana zama a kaina. Firji yana ƙugi. Silifas ɗin mahaifiyarki ya wuce zuwa kicin ya dawo. Keken tela yana tafiya a ƙarƙashin daɓe. Kuma kusa da ƙarshen kowace waƙa, can ƙasa, wani yana hawa matakala a hankali, yana tsayawa a kwana ya huta. Ban taɓa jin takuna daga ɓangaren mai jira ba. Taku ne na mutumin da ya fi yadda nake zato tsufa. Da zarar ya fara, muryarki tana canzawa. Ana jin murmushi a murya, wannan ilimi ne, ba zato ba, domin siffar baki tana sauya sauti. Sai ki ɗan ƙara sauri ki kai baitin ƙarshe gaɓa. Makulli. Kujera. Shiru.

Akwai ranar da na cire abin sauraron, na zauna a cikin shirun ɗakin, na ci gaba da jin takun yana hawowa. Na san sunan wannan a littafi, na kuma sha yi wa marasa lafiya bayaninsa. Duk da haka sai da na buɗe ƙofar na duba.

A ƙarƙashin waƙoƙin, baƙi sun yi ta rubuta hasashensu game da Mai Makulli. Wani ya ce mai gidan haya ne. Wata ta ce uba ne mai zafi, shi ya sa yarinyar ke kashe rikoda da zarar ya iso. Wannan ta tsaya mini a rai. Na sami mahaifiyarki tana ninke kayanki, na tambaye ta ko tsorona ne ke sa ki yanke waƙa. Ta dube ni duban da ta daɗe ba ta yi mini ba, ta ce, "Tsoro? Wa ke tsoronka a gidan nan, Likita? Tashi take ta karɓi jakarka, ta lalube ta ko ka sayo mata batir. Da gangan take fara waƙar idan dawowarka ta kusa. Cewa take kai ne mai rufe mata taro." Sai na tuna cewa shekara da shekaru, in dai ba kina asibiti ba, fuskarki ce farkon abin da nake gani idan ƙofa ta buɗe, kina ɗan haki. Na ɗauka ciwon ne.

Bayan haka Rediyo ta zo da kaset guda a cikin jakarta. Ta ce shi ne na ƙarshe da kika naɗa, kwanaki kaɗan kafin a kwantar da ke, kuma ba ki sake shi ba domin bai cika ba. Ta kunna mana a falo. Waƙa ce a kan labulen da iska ke ɗagawa a ɗakin da babu kowa. Kika rera ta har ƙarshe, kika sake maimaita baitin ƙarshe, kika kuma maimaitawa, a hankali, kamar mai jan lokaci. Sa'an nan fiyanon ya tsaya. Kaset ya ci gaba da tafiya. Firji. Numfashinki. Kujerar ta ɗan yi ƙara. Babu kowa a matakala. Can kika ce, ba da muryar waƙa ba, da muryarki ta gida, "Yau Abba ya makara." Kika ci gaba da jira har kaset ya ƙare. Mahaifiyarki ta tuna ranar: taro ne ya riƙe ni, na kuma shigo ba da jimawa ba, kika karɓi jakar kamar kullum.

Rediyo ta ce, "Abba, abu ɗaya ya rage mata. In ka yarda, in saita rikoda a siton, ka fita ka hawo ka buɗe ƙofa, in naɗa in haɗa. Sai ta zama kamar sauran." Na ga hankali a maganarta. Aiki ne da ba ki gama ba, kuma ni kaɗai ne a duniya ke iya gama shi. Na ce a yi.

Muka sa lokacin da na saba dawowa, da yamma, rana tana shigowa ta tagar matakala. Rediyo ta shiga siton, ta ce za ta kunna waƙar a lasifika domin in ji daga waje, idan kin faɗi maganarki sai in juya makulli. Na ɗauki jakata, na sauka har ƙasa, na gaisa da tela, na fara hawowa. Na tsaya a kwana kamar kullum.

Ban taɓa jin waƙarki daga bayan wannan ƙofa ba, domin muryarki ba ta da ƙarfin ratsa ta. Ranar na ji. Ina tsaye a kan tabarmar goge ƙafa, makulli a hannuna, 'yata tana waƙa a cikin gidana, taku biyu daga inda nake. Katakon ƙofar ya tace shuuu ɗin kaset ɗin, ya bar murya kawai, don haka babu abin da ya rage da zai gaya wa kunnena cewa naɗi ne. Kika maimaita baitin. Kika yi shiru. Na zura makullin. Kika ce, "Yau Abba ya makara."

A nan na ga abin da ni da Rediyo ba mu lissafa ba. A duk waƙoƙinki makulli ba ya zuwa shi kaɗai, kujera tana biye da shi. Idan na juya, rikodar za ta kama ƙarar makulli, sa'an nan ta kama abin da zai biyo baya, wato kujerar da ba ta motsa ba. Duk wanda ya saba da waƙoƙinki zai kasa kunne ya jira ta. Ni ma zan jira. Muddin kuwa ban juya ba, kina ciki, kina zaune, ni ne kawai na makara.

Ban juya ba. Na tsaya yatsuna a kan makullin, ina jin numfashinki ta cikin ƙofa, har kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas. Bayan wannan babu komai. Ban san iya tsawon tsayuwar da na yi ba. Daga bisani na ji silifas yana tahowa, aka murɗa ƙofar daga ciki. Mahaifiyarki ce. Ta miƙa hannu ta karɓi jakar, ta ce, "Shigo, Likita. Ba za ka kwana a waje ba."

Na je na sami Baffanki a gidansa na gaya masa matsayata baki da baki kafin in rubuta ta, domin shi yaya ne, bai kamata ya tsince ta a takarda ba. Ga ta.

Waƙoƙin da kika saki da hannunki za su zauna inda kika ajiye su. Na saurare su duka, kalma bayan kalma, ban sami wadda zan ji kunyar a ce 'yata ce ta faɗa ba. Ni ba malamin addini ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Abin da na sani shi ne, an ba ni ikon gogewa na ƙi. Saboda haka idan akwai nauyi a cikin barinsu, daga yau ba naki ba ne, ina roƙon Allah Ya ɗora shi a wuyana. Idan kuma akwai lada a cikin barcin da wani bawan Allah mai ciwon kunne ya samu, ina roƙon Ya kai miki shi cikakke. Waƙar ƙarshe kuwa ba za ta fita ba, ba kuma za a ƙara mata komai ba. Ba ki sake ta ba, ni ma ba zan sake ta ba. Maganar da ke cikinta da ni kike yi.

Baffanki ya saurare ni har ƙarshe. Sa'an nan ya ce, "Ka ɗaukar wa kanka kaya, ƙanena. Ni dai na faɗi nawa, kuma ban canza ba. Allah Ya sa ka iya." Da ya rako ni bakin mota na gaya masa cewa akwai waƙa guda da ake jin dariyarsa daga falo. Ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ka kunna mini." Ya riƙe murfin motar bai rufe ba, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ba yanzu ba."

Ga ku kuma da kuke sauraronta a garuruwan da ban sani ba, kuna tambayar abin da ya sa ta yi shiru: 'Yar Sito ta rasu. Ni ne Mai Makulli. Ba mai gidan haya ba ne, kuma ba gudu na take yi ba. Duk wanda waƙarta ta taɓa zaunar masa da rai, ina roƙonsa ya yi mata addu'a a harshen da ya iya. Wanda ta saɓa wa, ya yafe mata, idan da hakki kuma ya neme ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, wadda ta yi jinyarki tun kina zanen goyo ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya saka mata da abin da babu mai iya biya sai Shi. Ina yi wa Baffanki ta'aziyya, da gwaggonninki da kawunnanki, da ƙawarki da ta riƙe amana a lokacin da riƙon ya yi nauyi, da likitoci da ma'aikatan jinyar da suka san jijiyoyin hannunki fiye da ni, da maƙwabtanmu na sama da na ƙasa. Allah Ya ba mu haƙurin da za mu cika da shi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa. Ka gafarta mata abin da muka sani da abin da Kai kaɗai Ka sani. Ka sa ciwon da ta ɗauka tun haihuwa ba tare da ta ɗaga murya ba ya zama kankarar zunubanta. Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka ba ta jikin da ba ya ciwo da numfashin da ba ya yankewa. Ka haɗa ta da wadda ta ci sunanta a cikin rahamarKa, Ka kyautata namu ƙarshen.

Uwata, Allah Ya sa kin tarar da ƙofa a buɗe, ba ki jira kowa ba. Amin.